TARIHIN UNITY, INJIN DA KE ƁOYE CIKIN GEM ƊIN WAYARKA

 Yau ba saitin waya za mu koya ba, tarihi na kawo maku. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi ya karanta in ya natsu.

Ga abin da ya jawo shi. Kwanakin baya wani yaro daga Kurfi, bana ya gama sakandare, ya shigo shagona nan Dutsin-Ma da wata itel da bakin cajinta ya mutu. Ina cikin aiki sai ya ce, "Yaya, don Allah in ka gama ka sa mani Unity." Na ce wane sabon gem ne kuma Unity? Ya yi dariya ya ce ai ba gem ba ne, abin da ake haɗa gem da shi ne. Wai so yake ya haɗa gem ɗin dara, irin wadda tsofaffi ke yi a ƙofar gidansu bayan la'asar. Ya ce ya tara ɗan kuɗin aikin gona, kuma yana tunanin ya haɗa da tunkiyarsa ya sayi laftof ta hannu, in dai abin zai yiwu.

Wallahi na ji kunya. Shekara nawa ina zuba wa mutane gem, na ga rubutun Made with Unity yana fitowa a sikirin ba adadi, ni duk zatona sunan kamfanin da ke yin gem ɗin ne, kamar Gameloft. Kuma ga yaro zai sayar da dabbarsa a kan shawarata. Na ce mashi ya ba ni mako ɗaya. Abin da na karanto a makon nan, da abin da na riga na sani a bakin aikina, shi na haɗa maku.

MENE NE INJIN GEM?

Mu masu gyara in mun ce "injin waya", kun san abin da muke nufi, wato allon nan na ciki da ke ɗauke da furosesa da ram. Ka buɗe Tecno, ka buɗe Infinix, ka buɗe itel, sau da yawa furosesar MediaTek ko Unisoc za ka gani. Kamfanin wayar bai zauna ya ƙera ta daga tushe ba, saye ya yi ya ɗora nasa kwalin da sunansa.

To haka gem yake. Akwai ayyukan da kowane gem sai ya yi su: zana hoto a sikirin sau talatin ko sittin cikin daƙiƙa ɗaya, lissafin yadda abu zai faɗo ƙasa ko ya yi karo da wani, fitar da sauti, gane inda yatsanka ya taɓa. Manhajar da ta tattara waɗannan ayyukan wuri guda ita ake kira injin gem. Mai haɗa gem sai ya kawo nasa labarin, da mutanensa, da dokokin wasan, ya ɗora a kai.

Da can ba haka ake yi ba, kowane kamfani daga sifili yake farawa duk sanda zai yi sabon gem. Abin ya fara canzawa da gem ɗin Doom na kamfanin id Software a Amurka, a 1993. Mai rubuta masu manhaja, John Carmack, ya ware injin daban, hotuna da matakan wasan daban, har wasu kamfanoni suka riƙa biyan kuɗi suna gina nasu gem ɗin a kan injin. Bayansa aka yi Quake a 1996, wanda a kan injinsa aka gina Half-Life na 1998. A wannan shekarar ta 1998 kamfanin Epic ya fito da Unreal. Sai dai lasisin irin waɗannan injina dubban ɗaruruwan daloli ne, ciniki ne na kamfani da kamfani. Ɗalibi ko mai ƙaramin ƙarfi ko ƙofar ba zai leƙa ba.

A ɓangaren waya kuma wata matsalar ce daban. Gem ɗin maciji ya fara fitowa a Nokia 6110 a 1997, layin GSM ya shigo Najeriya a 2001, daga nan aka shiga zamanin gem ɗin Java. Lokacin da na fara zuwa shagon maigidana ina yaro, a kwamfutarsa folda-folda ce: ta 128x160, ta 176x220, ta 240x320. Gem ɗaya ne, amma kowane girman sikirin da nasa. Ka tura wa mutum wanda ba na wayarsa ba, ya buɗe ya ga rabin hoto, ya dawo yana faɗa. Mu wahalar turawa kawai muka sha. Ka yi tunanin wanda ya haɗa gem ɗin, shi da sai ya gyara shi sau barkatai don kowace irin waya. Ku riƙe wannan, don shi ne ciwon da Unity ya zo ya yi wa magani.

SAMARI UKU DA GEM ƊIN DA BAI YI KASUWA BA

A watan Mayu 2002 wani ɗan Denmak mai suna Nicholas Francis ya yi tambaya a wani dandalin masu rubuta manhajar kwamfutar Mac, yana neman wanda zai taya shi aiki a kan yadda ake sarrafa haske da launi a gem. Wani matashi ɗan Jamus, Joachim Ante, ya amsa mashi. Kowannensu yana ƙoƙarin haɗa nasa injin, sai suka ga gara su haɗa kai. Daga baya David Helgason, haifaffen Aisland, ya zama na uku. A 2004 suka kafa kamfani a birnin Kofanhagen, suka sa mashi suna Over the Edge Entertainment.

Niyyarsu ta farko su yi gem su sayar. A 2005 suka fitar da GooBall, na kwamfutar Mac kaɗai. Bai yi kasuwa ba. Amma da suka zauna suka duba, sai suka ga kayan aikin da suka ƙera don yin gem ɗin sun fi gem ɗin kansa daraja. Kamar ka haɗa rediyo ba wanda ya taya, amma kowa na tambayarka ina ka samu wannan abin walda. Sai suka bar sayar da gem suka koma sayar da kayan aikin.

A watan Yuni 2005, wurin taron shekara na kamfanin Apple, suka gabatar da Unity na farko. A 2007 suka canza wa kamfanin suna zuwa Unity Technologies. Abin da suka riƙa faɗa tun lokacin shi ne, so suke haɗa gem ya zama na kowa da kowa. Farashinsu ya nuna haka: ƙaramin lasisi dala 199, alhali manyan injina sai mai jari.

SHEKARU BIYAR DA SUKA CANZA KOMAI

A watan Yuli 2008 Apple ya buɗe App Store, inda kowa zai iya sa manhajarsa a saya. Nan take duniya ta cika da masu son yin gem ɗin iPhone, kuma manyan injinan nan ba su shirya wa waya ba. Unity ya riga su, cikin wannan shekarar ya fitar da tsarin da ke fitar da gem zuwa iPhone. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Daga nan sai abubuwa suka biyo juna:

2009, Unity 2.5 ya fara aiki a kwamfutar Windows. A watan Oktoba na shekarar suka mayar da lasisin nan na dala 199 kyauta. Cikin wannan shekarar ce kuma masu zuba jari na Sequoia Capital suka shigo, hedikwata ta koma San Faransisko a Amurka.

2010, Unity 3 ya buɗe ƙofar Android. A watan Nuwamba suka buɗe Asset Store, kasuwar da za ka sayi mota ko bishiya ko mutum da wani ya riga ya zana, ka sa a gem ɗinka.

2013, a watan Mayu, fitar da gem zuwa Android da iPhone a ƙaramin lasisi shi ma ya zama kyauta.

Sirrin shi ne, sau ɗaya za ka haɗa gem ɗinka a kwamfuta, da yaren C#, sannan ka zaɓi inda zai je: Android, iPhone, Windows, PlayStation da sauransu. Injin ne zai ji da bambancin na'urorin. Zamanin folda-folda ya wuce ke nan. A 2015 Unity 5 ya fito, suka ce duk wanda kuɗin da yake samu bai kai dala 100,000 a shekara ba, ya yi amfani da kusan dukkan injin ba ko sisi. A watan Maris ɗin nan na 2015 Epic shi ma ya saki Unreal kyauta, da sharaɗin a ba shi kashi 5 cikin 100 na cinikin gem.

Shi kuma rubutun Made with Unity da ya ruɗe ni, ga labarinsa. A da, mai amfani da na kyauta dole ne rubutun ya fito a farkon gem ɗinsa, wanda ya biya kuma yana da damar cirewa. Shi ya sa aka fi ganinsa a ƙananan gem masu kwaikwayon juna, manyan kuma sun goge shi. Har wasu suka ɗauka Unity injin tarkace ne, ba su san babban gem ɗin da suke kwana a kai shi ma a kansa yake ba.

YADDA YA ISO WAYOYINMU

Daidai lokacin da wayoyin Android masu araha suka fara cika kasuwanninmu, daidai lokacin ne gem ɗin Unity suka fara ambaliya. Duba wayarka yanzu. Subway Surfers, na 2012, wanda shi ma 'yan Denmak suka yi, Unity ne, kuma shi ne gem na farko da aka sauke sau biliyan 1 a Play Store, a 2018. Temple Run 2, Unity. Ludo King na Indiya, na 2016, Unity. Pokémon Go na 2016, Free Fire na 2017, Among Us na 2018, Call of Duty Mobile na 2019, duk Unity ne. PUBG Mobile da eFootball su kuma Unreal ne. Lokacin da Unity zai shiga kasuwar hannun jari a 2020, ya bayyana cewa fiye da rabin manyan gem 1,000 na waya da injinsa aka yi su.

Mu nan mun ga amfanin abin a wani lokaci da ba za mu manta ba. A watan Satumba 2021 aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, bai dawo mana ba sai a watan Disamba. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Waya ta koma tocila da rediyo da abin gem. Gyara ya ja baya, don wa zai kashe kuɗi a kan wayar da ba ta kira? Abin da ya riƙe ni shi ne turi. Nakan hau mota in bi ta Kurfi in shiga Katsina, in cika memori da gem da fina-finai, in dawo in riƙa turawa ta Xender.

A lokacin na lura da abu biyu. Masu Free Fire sun shiga zaman makoki, don shi sai da intanet. Subway Surfers da Ludo kuwa suka yi farin jini, daga 'yan firamare har matan aure. Na biyun shi ne abin da wani dattijo ya faɗa mani. Ya ce, "Yaro, tun da aka ɗauke sabis Ludon nan ya yi hankali, ya bar katse mani wasa da tallace-tallace." Na yi dariya kawai. Sai yanzu na gane dattijon nan ya taɓo ainihin inda kuɗin yake.

KYAUTA, TO WA KE BIYA?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke ba miliyoyin mutane inji kyauta dole akwai inda yake ci. A 2014 abu biyu suka faru. Unity ya sayi wani kamfanin Finlan mai suna Applifier, wanda ya zama Unity Ads, wato tsarin sa talla cikin gem. Sannan a watan Oktoba David Helgason ya sauka daga shugabanci, aka kawo John Riccitiello, tsohon shugaban EA, kamfanin da ke yin FIFA a lokacin.

Bidiyon nan na daƙiƙa talatin da kake kallo don a ba ka ƙarin rai ko tsabar zinare, wani ne ya biya aka nuna maka. Mai gem ya ɗauki kasonsa, dillalin tallar ya ɗauki nasa, kuma sau da yawa dillalin Unity ne. Kai kuma ka biya da datarka da lokacinka da cajin batirinka. Kafin 2020, abin da Unity ke samu ta ɓangaren talla da hidimomin gudanar da gem ya zarce abin da yake samu daga lasisin injin.

A watan Satumba 2020 ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok. Daga nan ya shiga sayayya: a 2021 ya sayi ɓangaren kayan aikin Weta Digital, masu haɗa dabarun fim a Niyu Zilan, a kan dala biliyan 1.6 da 'yan kai. A 2022 ya haɗe da ironSource, wani babban kamfanin talla, a cinikin dala biliyan 4.4. Amma duk da girman nan asara yake tafkawa, a 2022 kaɗai ta haura dala miliyan 900. Masu hannun jari kuma riba suke jira.

RANAR DA MAI GIDA YA CANZA KUƊIN HAYA

Ranar 12 ga Satumba 2023 Unity ya fitar da sanarwa. Daga 1 ga Janairu 2024, duk gem ɗin da ya kawo dala 200,000 cikin wata 12, kuma aka sauke shi sau 200,000, masu ƙaramin lasisi za su riƙa biyan senti 20 a kan kowane sabon sawa a waya ko kwamfuta. A ƙasashe masu tasowa kuɗin senti 2 ne. Kuma dokar za ta hau har kan gem ɗin da aka riga aka fitar shekaru da suka wuce.

Yi lissafi da kanka. Sawa miliyan 1 a kan senti 20, dala 200,000 ke nan. Gem na kyauta da ke rayuwa da talla, mutum da yawa sau ɗaya za su buɗe su goge, ba su kawo wa mai shi komai ba, amma an rubuta mashi bashi a kansu. Da farko ma kamfanin ya ce in mutum ya goge ya sake sawa, sabon lissafi ne, kafin ya janye wannan da aka yi ca a kansa.

Ni da na karanta wannan sai na tuna da teburina. A rana waya nawa nake yi wa filashin in sake zuba mata gem? Gem ɗaya ta Xender waya nawa yake shiga a Dutsin-Ma, ba tare da ya bi ta Play Store ba? Wa zai ƙirga, kuma da wane ma'auni? Ashe masu haɗa gem na duniya su ma tambayar da suka yi ke nan, kuma amsar da aka ba su ita ce kamfanin yana da hanyar ƙiyasinsa, su yarda da shi kawai.

Ba su yarda ba. Masu Among Us suka fito suka yi tir. Gungun kamfanonin gem ɗin waya suka kashe tallar Unity a gem ɗinsu, suka taɓa shi inda ya fi ciwo. Kamfanin da ya yi Terraria ya ba injin Godot kyautar dala 100,000. Masu Slay the Spire suka kwashe sabon gem ɗin da suke kan haɗawa suka mayar da shi Godot. Abin da ya fi ƙona masu rai shi ne canza yarjejeniya bayan mutum ya kashe shekaru yana gini a kanta.

Bayan kwana goma, 22 ga Satumba, Unity ya ba da haƙuri ya sassauta: masu lasisin kyauta ba za su biya ba, tsofaffin gem ba ruwansu. Ranar 9 ga Oktoba Riccitiello ya bar kujerarsa. A Janairu 2024 aka sallami ma'aikata kusan 1,800, kwatan kamfanin ke nan. A watan Mayu aka naɗa Matthew Bromberg, kuma ranar 12 ga Satumba 2024, shekara ɗaya cif, ya soke kuɗin sawar gaba ɗaya, aka ƙara wa masu babban lasisi kuɗin shekara a madadinsa. Unity 6 ya fito 17 ga Oktoba 2024. Yanzu kyauta ne ga wanda bai kai dala 200,000 a shekara ba, kuma rubutun Made with Unity ya zama ganin dama.

ABIN DA TARIHIN NAN KE NUNA MANI A TEBURIN GYARA

In kana son ka gani da idonka, ɗauki fayil ɗin APK na wani gem ka buɗe shi da ZArchiver. Shiga foldar lib. In ka ga libunity.so, to Unity ne. Za ka kuma ga folda mai suna armeabi-v7a ko arm64-v8a, ta farko ta waya mai tsarin 32-bit ce, ta biyu ta 64-bit.

Nan ne amsar ƙorafin da na fi ji: "An turo mani gem ya ƙi hawa." Tun Agusta 2021 sababbin manhajojin Play Store a gutsure suke zuwa, kowace waya ana ba ta gutsuren da ya dace da injinta. In abokinka mai babbar waya ya turo maka nasa, kai kuma ƙaramar Android Go gare ka mai 32-bit, ba zai hau ba, ko da sau goma aka tura. Wayarka lafiyarta lau, kada ka bari a karɓi kuɗinka a ce za a yi mata filashin. Wasu tsofaffin manyan gem kuma sai an haɗa da fayil ɗin OBB an ajiye shi a Android/obb.

Sannan inji ɗaya a dubban gem yana nufin in ya samu ɓaraka, duk ta shafe su. A Oktoba 2025 Unity ya sanar da wata kafar tsaro da ke cikin gem ɗin da aka haɗa tun daga sigar 2017.1, ya fitar da gyara, masu gem suka riƙa sabunta nasu. Wanda ke sabuntawa ta Play Store gyaran zai iske shi. Wanda ke riƙe da tsohon gem ɗin turi, ko irin wanda aka fasa aka cika da kuɗin banza, shi ba mai kawo mashi gyara. In akwai manhajar banki a wayarka, ka yi nesa da gem ɗin da aka fasa.

MU FA, INA NAMU?

A Legas an daɗe da farawa. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, sun yi Okada Ride, Mosquito Smasher, Aboki Run da Whot King. A 2021 suka fara shirin GameUp Africa tare da Google, ana koya wa matasa Unity da C# ta intanet. A 2024 suka fitar da gem ɗin girki na Iwájú tare da Disney. Kun ga har sunan da ake kiranmu da shi a kudu ya zama sunan gem, mu muna nan muna turi.

Kuma ba abin yi muka rasa ba. Ga dara, ga langa, ga dambe, ga kokawa, ga hawan sallah. Ga Jami'ar Tarayya a cikin garin nan tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da matasa masu laftof. Ni dai a duk wayoyin da suka bi ta hannuna, ban taɓa cin karo da gem ɗin da ya yi mani magana da Hausa ba.

Da yaron nan na Kurfi ya dawo, ga abin da na faɗa mashi. Na ɗaya, Unity ba ya hawa waya, sai kwamfuta, kuma in ram ɗinta bai kai giga 8 ba zai sha wahala, ga saukewar tana cin data giga-giga. Duk wanda ya ce zai sa maka Unity a waya, wani abin daban zai sa maka. Na biyu, kada ya sayar da tunkiyar tukuna. Akwai Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki a 2014. Shi lasisinsa a buɗe yake, ba kamfanin da zai wayi gari ya ce ka biya, kuma yana da sigar da ke hawa Android. A ƙaramin sikirin akwai takura, amma dara gurbi 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, ba ta buƙatar wani babban hoto. In ya iya sa waya ta gane an jera uku an ci, to ya tabbata abin yana jininsa, sannan a yi maganar laftof.

Na uku shi ne darasin 2023. In ya samu kwamfuta ya koyi Unity, don har yanzu shi ya fi yawan darussa da guraben aiki a harkar gem ɗin waya. Amma ya sani zanen aro ba ya rufe katara. Ya fi ba da ƙarfi ga abin da ba mai ƙwace mashi: lissafi, tsara dokokin wasa, da rubuta manhaja. Waɗanda suka iya kwashe kayansu suka bar Unity a wancan rikicin, su ne waɗanda suka san aikin, ba maɓallan inji ɗaya kawai suka haddace ba. Mu ma a gyara haka ne, wanda ya san yadda wuta ke tafiya a allo, kowace waya aka kawo zai taɓa.

Na gyara mashi bakin cajin, na sa mashi Godot da datata. Shekaranjiya ya turo mani hoto: gurabe talatin a jere a sikirin, ɗa guda ɗaya yana motsi in an taɓa shi. Ya ce sauran sun ƙi motsawa, kwana biyu yana nema bai gano dalili ba. Na ce mashi ya ci gaba da nema, ni ma nan ilimina ya tsaya.

In akwai wanda ya iya Godot ko Unity cikin masu karatu, musamman ɗalibanmu na nan Dutsin-Ma, don Allah ya yi magana in haɗa su. Allah ya sa mu amfana, ya ba mu zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba in sha Allah.